Tambarin Baƙuwa

Ta zo rumfata bayan la'asar,
sa'ad da duwatsun Birni ke amayar da zafin wuni,
da zobe a yatsa, da takardar da ta gaji da ninki.
Ta ce, buga mini wannan a jar fatar akuya.
Hausarta ta gidan likita ce,
shekara uku tana awon jarirai a Zango.
Sunanta Adalhaid. Na gidansu kuwa, Fon Talmenau,
Kyari yarona ya gwada, harshe ya sarƙe masa.

Na shimfiɗa takardar a gwiwa.
Garkuwa ce, an tsaga ta biyu:
sama tsuntsu mai dogon baki, ƙafa ɗaya a ɗage,
ƙasa igiyar ruwa uku da mabuɗi a kwance.
Kan garkuwar kwalkwali, kan kwalkwalin fiffike.
Na ce, wa ya ƙyanƙyashe wannan?

Ta ce, kakan kakanninmu mai fito ne,
ba shi da komai sai kwalekwale da tari.
Wani dare kogi ya kawo, wani sarki ya zo a guje,
ya haye da shi bai tambayi kuɗi ba.
Da gari ya waye wa sarkin, sai ya tuna.
Ya ba shi mashigin, ya ba shi mabuɗi,
ya liƙa masa Fon a gaban suna.
Tsuntsun kuwa a kan rufinsa yake sheƙa, shi ke nan.

Sai ta shiga ƙirga su da yatsu.
Akwai babban limamin coci, mai ƙiba,
wanda ya aza wa gwauraye haraji don ya sayi ƙararrawa.
Akwai Irmagad, shekarar annoba,
da ta fasa rumbun sha'ir ta ciyar da gari
mijinta na ihu ta taga.
Akwai wanda ya zuba rabin gandu a caca, dare ɗaya,
akwai mai tara ƙwari a kwalba, ya mutu yana ba su suna.
Ta kai ɗan ƙaramin yatsa, ta tsaya.
Wannan, ta ce, ya sa kaki a babban yaƙi.
Ba mu rataye hotonsa.
Ta juya zoben, ta mai da zanen cikin tafi.

Gidan fa? Ta ce masauki ne yanzu,
baƙi na cin kifi inda aka haifi ubanta.

To kai fa, Mutari, ina naku?

Na shafa kundukukina.
Namu wanzami ya rubuta ran suna,
ba ya shiga aljihu, ba ya zuwa jingina.
Na gaya mata Kaka Barma mai kube,
wanda takobi ba ta taɓa ƙin gidan da ya ɗinka mata ba.
Na gaya mata Inna Dubu mai rini,
da aka binne da shuɗin hannunta.
Ban gaya mata uban Barma ba,
da yadda ya shigo garin nan, da igiyar,
da abin da aka biya.
Kowane gida da ɗan yatsan da yake naɗewa.

Kwana shida ina bugu.
Na yi tsuntsun baƙi, farin ciki, kamar shamuwarmu
mai zuwa da labarin damina.
Ta duba ta ce, namu fari ne, bakinsa ja.
Na ce, a nan ya sha rana.
Ta yi dariya har ta manta da ciniki,
ni kuma na manta na yi ragi.

Daga ciki, ƙarƙashin shafi, inda ɗinki ya haɗu,
na buga ɗan dagin Barma, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Ba za ta gani ba sai jakar ta tsufa.
Wata jikanya za ta farke ta wata rana, cikin sanyi,
ta tambayi wane kakansu ne wannan.